Na je neman magani, an kawo mini zancen ado

Ɗan Bolari: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau raina a ɓace yake, dole in faɗa. Shekara biyu ke nan da aka cire mini turmi ɗaya na ƙasa, ɓangaren hagu. Ya yi kogo, ya hana ni barci kwana huɗu, na je aka cire na huta. To tun bayan azumi muƙamuƙina na dama ke ciwo, nan daf da kunne, in na buɗe baki sai in ji ƙas. Jiya na rufe shago, na bar ɗinkin mutane, na je wani asibitin haƙori mai zaman kansa nan cikin gari. Yaron likitan ya leƙa bakina da ɗan madubinsa, ya ɗauki hoto, sai ya ce wai giɓin nan ne ya jawo. Wai haƙorin sama ya fara saukowa tunda ba abin da zai tokare shi, na bayan giɓin ya kwanto gaba, ni kuma na koma tauna da gefe guda, shi ya sa gaɓar muƙamuƙin ta gaji. Ya ce sai an cike gurbin: ko haƙorin roba na cirewa, ko a yi gada, ko a dasa na ƙarfe cikin ƙashi. Da ya kira kuɗin dashen, wallahi ya ninka kuɗin sabon keken ɗinki. Kakana ya rasu haƙoran bakinsa ba su fi goma ba, kuma har ya koma ga Allah yana cin tuwonsa. Ni dai abin da na gani, likitocin haƙori sun mai da bakin talaka gona. Na je neman magani, an kawo mini zancen ado. Haƙori yana tafiya ne? A gaya mini gaskiya.

Ɗan Jekadafari: Wa alaikumus salam. Sannu tela, Allah ya kawo sauƙi. Haka suke, ka shiga da ciwo ɗaya ka fito da uku.

Sista ta Pantami: Malam, Allah ya ba ka lafiya, amma kalmar nan ta ado ta tsaya mini a rai. Turmi na can ƙurya, wa yake ganinsa? Ko dariya ka ƙyaƙyata ba a hango shi. Ta yaya abin da ba a gani zai zama ado? Innata shekara uku ba ta iya cin nama sai an daka mata a turmi, ta rame kamar wadda ta tashi daga jinya, in ana biki sai ta koma gefe don kar a ga yadda take mamular abinci. Da aka yi mata haƙoran roba, ranar da ta fara tauna tsire da kanta hawaye ta yi. Wannan shi ne ado?

Ɗan Jekadafari: Sista, dama ke ai ba za ki ga laifin asibiti ba, can ne abincinki yake.

Sista ta Pantami: Ni a ɗakin haihuwa nake aiki, ban taɓa cin sisin mai ciwon haƙori ba. Maganar uwata na kawo, ka girmama ta.

Hajiya Mai Atamfa: Ku tsaya tukuna. Yadda kuke ambaton ado kamar wata cuta shi ne ban gane ba. To ko da adon ne, laifi ne? Haƙorin Makka biyu ne a bakina, ɗaya na hajjina na farko, ɗaya na wanda na raka mahaifiyata. Da gumina na tara kuɗina, na sauke farali, na sa abina. Duk lokacin da aka taso da zancen haƙori a zauren nan sai an bi ta kanmu.

Ɗan Jekadafari: Hajiya, wallahi ba wanda ya ambace ki.

Hajiya Mai Atamfa: An ambaci ado, kuma na san inda aka dosa. Ba yau aka haife ni ba.

Matashin Arawa: Amma Hajiya, tsakani da Allah haƙorin Makka shi ne adon tsantsa. Lafiyayyen haƙori ake kankarewa a sa masa hula don kawai a san mutum ya je. Goggona ta sa, bayan 'yan shekaru ƙarƙashin hular ya ruɓe ba ta sani ba, wari ya hana ta sakewa cikin mutane, ƙarshe cire haƙorin aka yi gaba ɗaya. Yanzu giɓi ne a gaban bakinta.

Hajiya Mai Atamfa: Yaro, ka je ka sauke naka faralin kafin ka ba mu fatawa. Goggonka ba ta wanke baki ne. Nawa har yau ko gezau.

Matashin Arawa: Ki bar goggona, Hajiya. Ta girme ki.

Malamin Islamiyya: Jama'a a yi haƙuri, a saurara. Malamai sun raba abu biyu: gyara abin da ya lalace, da canza halitta don neman kyau. Akwai sahabi Arfaja ɗan As'ad, an yanke masa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa sai ya yi masa wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito shi. Daga nan malamai suka ɗauko halaccin mayar da haƙorin da ya faɗi, ko ɗaure mai girgiɗi da zinare in lalura ta kama, ko da namiji ne. A ɗaya gefen kuma akwai hadisin Ibn Mas'ud da ke cikin Bukhari da Muslim, inda aka la'anci mata masu goge haƙora su buɗe tsakaninsu don neman kyau. Saboda haka abin da aka ce wa tela bai shiga ado ba, mayar da abin da ya rasa ne.

Hajiya Mai Atamfa: To Malam, nawa fa? Fito fili.

Malamin Islamiyya: Hajiya, zinare halas ne ga mace. Maganar kankare lafiyayyen haƙori ce take son zama.

Hajiya Mai Atamfa: Zinare halas ne ga mace. Kun dai ji daga bakin Malam.

Matashin Arawa: Rabin maganar kika ɗauka, kika bar rabi a ƙasa.

'Yar Herwagana: Malam don Allah a fayyace mini wannan hadisin, jikina ya yi sanyi. Ni da wushirya aka haife ni, haka mahaifina, haka 'yata ta fari. Yanzun nan wata ta turo mini maganarka wai da irinmu ake.

Malamin Islamiyya: A'a 'yar'uwa, ki kwantar da hankalinki. Halittar Allah ba ta shiga ciki. Wadda ta je aka goge mata da gangan ake nufi.

'Yar Herwagana: To a riƙa ƙarasa magana, Malam. Wadda ta turo mini tana cikin zauren nan, ta san kanta, kuma ba yau ta fara ba.

Ɗalibin Haƙori: Assalamu alaikum iyaye da yayye. Ni ɗan Gombe ne, ina karatun likitan haƙori a Jami'ar Maiduguri. Hamma tela ya yi tambaya ɗaya ba wanda ya amsa: haƙori yana tafiya? E, yana tafiya. Ba a kafe yake cikin ƙashi kamar ƙusa a katako ba, wasu siraran zaruruwa ne ke riƙe da saiwarsa, shi ya sa yake iya gusawa. Baligi yana da haƙora 32, kowanne yana jingine da maƙwabcinsa, yana kuma tokare da abokinsa na sama ko na ƙasa. In aka cire ɗaya, na bayansa yakan kwanto cikin gurbin, na samansa yakan sauko a hankali, ƙashin wurin kuma yakan lotsa domin ba saiwar da ke ba shi aiki, kuma lotsawar ta fi sauri a watannin farko. Ba kowa abin ke yi wa tsanani ba. Amma in turmin farko aka cire, wanda ke fitowa tun yaro yana shekara 6, to shi ke ɗaukar babban nauyin tauna. Ciwon gaɓar muƙamuƙi kuwa dalilansa da yawa, ba giɓi kaɗai ba. Akwai masu cizon haƙora cikin barci ba su sani ba, su wata roba ake yi musu daidai bakinsu su riƙa sawa da dare. Hamma ya tambayi likitan ko ya duba wannan.

Hanyoyin ukun nan kuma ba kuɗinsu ɗaya ba. Na roba shi ne mai sauƙi, ana cire shi da dare a wanke a ajiye. Gada sai an kankare haƙora biyu na gefe a sa musu hula, na tsakiya ya rataya a jikinsu. Dashe shi ne a sa ɗan ƙarfen titaniyom cikin ƙashin muƙamuƙi, a bar shi kamar wata 3 zuwa 6 har ƙashi ya kama shi, sannan a ɗora haƙorin a kai, kuma ba ya taɓa na gefe. Mai shan taba da mai ciwon suga da bai saitu ba, nasu ya fi ƙin kamawa. Ba a kuma yi wa yaro sai ƙashinsa ya gama girma.

Ɗan Jekadafari: Ƙarfe a cikin ƙashin mutum, kullum cikin yawu da ruwan miya? In ya yi tsatsa fa?

Ɗalibin Haƙori: Titaniyom ba irin ƙarfen ƙofa ba ne, ba ya tsatsa kamarsa, da shi ma ake haɗa karaya. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin mai suna Branemark ya gano ƙashi yana manne masa, ya yi wa mutum na farko dashe a 1965. Ba sabon abu ba ne.

Ɗan Jekadafari: Na Bature ne ya kama. Bature bai san ƙashin akuya da rake ba.

Matashin Arawa: Ɗalibi, tunda ka zo, wayar nan da 'yan mata ke sawa a haƙora, mai launin kore da ruwan hoda, ka ga yarinya ta yi murmushi baki duk ƙarfe, ita kuma ado ce ko ba ado ba? Ka faɗi gaskiya, kar ka kare sana'arku.

Ɗalibin Haƙori: Ta gaskiya likita ke sawa, ga wanda haƙoransa suka hau juna ko na sama da na ƙasa ba sa haɗuwa daidai. Tana jan haƙori a hankali, yawanci shekara ɗaya zuwa biyu ko fiye, ana komawa ana gyara ta. Wadda ake saya a intanet a manna da kai kuwa tana iya karkatar da lafiyayyun haƙora ta kumbura dasashi.

Matashin Arawa: Wato dai akwai ado a ciki.

Sista ta Pantami: Ya ce ta gaskiya magani ce, kai kuma ka ji ado. Abin da kake so ka ji shi ka ji.

Hajiya Mai Atamfa: Yaron nan yau da mata ya tashi. Daga haƙorin Makka ya koma kan 'yan mata. Maza masu na azurfa a baki ba ka gansu ba?

Matashin Arawa: Su ma ado ne. Na faɗa.

Inna ta Kumbiya-kumbiya: Ni dai tsoro ne ya hana ni zuwa, 'ya'yan nan. Na sama ne ke damuna wata biyu, ruwan sanyi ba ya taɓuwa, kuma tun muna yara ake cewa in aka cire haƙorin sama ido yana mutuwa. Kanumfari nake dannawa a wurin.

Ɗalibin Haƙori: Inna, jijiyar gani daban, ta haƙori daban, cire na sama ba ya kashe ido. Kuma yanzu allura ake yi a dasashi wurin ya mutu, za ki ji ana dannawa amma ba zafi. Wani lokaci ma ba a cirewa: a buɗe haƙorin, a kwashe ruɓaɓɓiyar jijiyar, a wanke ramin a cike, a sa masa hula, ki ci gaba da tauna da abinki. Kanumfari yana lafar da zafi, gaskiya ne, amma ba ya tsayar da ruɓa. Da Hamma tela ya je tun kogon yana ƙarami, da wataƙila ciko kawai za a yi, ba a kai ga cirewa ba.

Ɗan Jekadafari: Ga shi nan. Laifin ya dawo kan talaka. Baffana ruwan batir ya ɗiga sau ɗaya, har ya mutu bai sake ciwon haƙori ba.

Sista ta Pantami: Inna lillahi! Kar wanda ya gwada wannan, ruwan batir yana ƙona dasashi da harshe. Irin wannan shawarar da ta masu cire haƙori da filaya a bakin kasuwa su ke kawo mana mutane a galabaice. Na taɓa ganin wani magidanci da aka shigo da shi da dare, ƙasan haɓarsa ya kumbura ya yi tauri kamar katako, harshe ya tokare sama, yawu na zuba, numfashi da ƙyar. Turmin ƙasa ne ya yi ƙurji, ya kai wa wani ya taɓa masa, ƙurjin ya gangara wuya. Da ƙyar aka ceto shi.

Ɗan Wanzami: Sista, a iya baki. Kafin a gina asibiti ɗaya a garin nan su wa ke duba mutane? Kakana wanzami, mahaifina wanzami, ni ma na gada. Mu ba 'yan filaya ba ne. Kullum abu ya lalace sai a ce masu gargajiya, wanda ya lalace a hannunku kuma a ce ƙaddara.

Sista ta Pantami: Ban ce wanzamai ba, masu filaya na ce.

Ɗan Wanzami: Mun san karatun kurma. Ke waye ya yi miki askin suna?

Sista ta Pantami: Aski daban, buɗe ƙurji a bakin mutum da ƙarfen da ba a dafa ba daban.

Ɗan Wanzami: Ni da idona na ga an turara wa mutum hayaƙi tsutsa ta faɗo daga haƙorinsa cikin ƙwarya. Ku a asibiti kun taɓa fitar da ita?

Ɗalibin Haƙori: Baffa, ba tsutsa a haƙori. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani suke cin sukarin da ya maƙale, su fitar da tsami, tsamin ya riƙa narkar da haƙorin har ya yi kogo. Shi ya sa alawa da lemon kwalba da shayi mai sukari dab da kwanciya suka fi ɓarna.

Ɗan Wanzami: Yaro, abin da na gani da ido za ka ƙaryata da abin da ka ce ido ba ya gani?

Matashin Arawa: A haɗa da goro. Dubi bakin dattawanmu, duk ja.

Mai Goro na Tsohuwar Kasuwa: To an iso kaina. Shekara talatin ina sayar da goro, ina ci, haƙorana cif ba giɓi. Goro ba sukari ba ne. Da goro aka ɗaura auren iyayenka, da shi aka raɗa maka suna. Launi kawai yake sawa, asuwaki ya goge. Annabi (SAW) ya ce ba don kar ya tsananta wa al'ummarsa ba da ya umarce su da asuwaki a kowace salla. Ku kun bar sunna kun kama makilin, ga asibitin haƙori kullum a cike.

Sista ta Pantami: Alhaji, wa ya ce a bar asuwaki? Ana haɗawa ne. Asuwaki da rana, burushi da makilin safe da dare.

Mai Goro na Tsohuwar Kasuwa: In asuwaki ya isa, me ya kawo haɗi?

'Yar Kaltungo: Don Allah a daina cewa duk mai jan haƙori goro ne ko ƙazanta, abin yana mana ciwo. A wajenmu za ka ga yaro ɗan firamare, bai taɓa sa goro a baki ba, haƙoransa na gaba da ɗigo-ɗigo fari da ruwan ƙasa. Addata haka nata suke. Ta goga da gawayi, ta goga da toka, ta goga da lemon tsami har dasashi ya yi jini, ba abin da ya fita. Da ta zo karatu Gombe hannu take sawa ta rufe baki in za ta yi dariya, har yau ba ta daina ba, kuma tana da 'ya'ya uku.

Ɗalibin Haƙori: Gaskiya ne Adda, wannan daga ruwa ne. Yankin Kaltungo an san shi da yawan sinadarin fuloraid a ruwan rijiya da burtsatse. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, shi ne ma ake sawa a makilin, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar ya wuce miligiram 1.5 a litar ruwan sha. In ya yi yawa lokacin da haƙoran yaro ke ginuwa cikin ƙashi, kafin shekara 8, tabon a jikin haƙorin yake shiga, shi ya sa ba ya gogewa. Lemon tsami da gawayi cinye saman haƙorin kawai suke yi. Likita na iya haskaka mai sauƙi, mai tsanani kuma a lulluɓe gabansa da abu mai launin haƙori.

'Yar Kaltungo: To Malam, na dawo gare ka. In Addata ta je aka lulluɓe mata, ado ta yi ko magani? Ba ciwo yake mata ba, tana tauna komai.

Malamin Islamiyya: Kawar da aibin da ya samu mutum ba canza halitta ba ne, musamman in yana cutar da shi a zuci. Ban ga laifi ba. Allah ne mafi sani.

Matashin Arawa: To ai shi ke nan, kowa sai ya ce nasa aibi ne. Mai son wushirya ma ta ce rashinta na cutar da ita a zuci.

'Yar Herwagana: Ka sake dawowa kan wushirya? Me ta tsare maka?

'Yar Kaltungo: Kana haɗa wadda ruwan sha ya ɓata wa haƙora tun tana goye da mai neman gayu? Allah ya isa tsakaninmu in da gangan ka faɗa.

Ɗan Wunti: Ni daga Bauchi nake bin ku tun ɗazu. Tela, ka daina wahala, ka shigo mota ka zo Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, akwai sashen haƙori. Na gwamnati ya fi sauƙin kuɗi, kuma ka ji ta bakin likita na biyu.

Ɗan Jekadafari: Mu ba mu da Asibitin Koyarwa na Tarayya a Gombe ne, sai mun zo Bauchi? Tun 1996 muka bar muku jiharku, har yanzu kuna ganinmu ƙauye.

Ɗan Wunti: Shawara na bayar, ban ce ƙauye ba. Amma ko ka ƙi ko ka so, ɗa ba ya wuce ubansa.

Mai Goro na Tsohuwar Kasuwa: Wane uba? Zo ka ga kasuwar hatsi ta Tudun Hatsi ka gaya mini wa ke ciyar da wani.

Ɗan Wunti: Daga haƙori mun koma hatsi?

Hajiya Mai Atamfa: Wa ma ya sa ɗan Bauchi a zauren 'yan Gombe?

Ɗan Wunti: Matata 'yar Pantami ce, Hajiya. Ƙanwarki ce ta sa ni.

Ɗan Bolari: Jama'a na dawo daga sallar magariba na tarar da saƙo ya fi ɗari. Ni ban zagi haƙorin Makka ba, ban taɓa wushiryar kowa ba, ban san zancen Bauchi ba. Ɗalibi na gode, kai kaɗai ka kula ni, ko da yake maganar da na je da wuri ta yi mini zafi, lokacin kuɗin makarantar yara ne a gabana. Maiɗakina ta ce tabbas ina cizon haƙora da dare, har takan farka. To yanzu wanne zan fara, robar dare ko cike giɓin? Kuma na roba guda ɗaya tak yana zama a baki, ba zan haɗiye shi ba?

Matashin Arawa: Tela, kai ka fara cewa ado. Ka janye ko kana nan a kai?

Hajiya Mai Atamfa: Ya janye mana. Shi ya jawo aka ci mutuncina.

Ɗan Jekadafari: Kar ka janye komai tela, gaskiya ka faɗa.

Ɗan Wanzami: Sista ma ta janye tata.

Mai Zaure: Assalamu alaikum. Na karanta komai daga sama har ƙasa, ga abin da aka tsayar. Babbar maganar da ta fito yau ita ce haƙorin Makka ba shi da laifi, Malam ya faɗa da bakinsa cewa zinare halas ne ga mace, kuma ba wanda ya kawo hujjar da ta rushe wannan. Ni kaina ina da na azurfa tun da Allah ya kira ni ɗakinsa, ban taɓa jin ko ɗar ba, don haka labarin goggon wani ba hujja ba ne a kan dubban alhazai. Hajiya uwa ce a zauren nan, ita ta ɗauki nauyin buɗa-bakin da muka yi bara, bai kamata yaro ya riƙa mayar mata da magana ba. Matashin Arawa ya ba ta haƙuri kafin gobe da azahar, ya kuma ba 'yar'uwarmu ta Kaltungo, in ba haka ba zan cire shi na mako guda. An kuma tabbatar asuwaki sunna ne, Alhaji mai goro ya yi gaskiya. Sista da ɗan gidan wanzamai su sasanta ta bayan fage, kowa da ranarsa. Baƙonmu na Bauchi muna maraba da shi a matsayin suruki, amma Gombe tana da asibitinta, a kiyaye. Ɗalibinmu ya yi dogon bayani, wanda ya samu lokaci ya koma sama ya karanta. Shi kuma tela, kalmar ado ce ta jawo duk wannan, nan gaba a riƙa tauna magana kafin a turo. Allah ya ba shi lafiya, ya kira shi ɗakinsa shi ma. Na rufe zaure sai bayan sallar isha'i, kuma masu bashin kuɗin wata su tura wa ma'aji yau.